Ƙodar da Aka Bar wa Buba

Duk wanda ya zo ya ce mini yana son buɗe kemis, almakashi nake fara miƙa masa da katin magani, in ce ya yanko mini ƙwaya biyu. Yawanci sai sun huda ta uku. Wannan ba ya damuna, hannu yana sabawa. Abin da ke damuna shi ne maganar da kuke yi, ku 'yan yanzu, wai sana'ar ba komai ba ce, zama ne a ƙarƙashin fanka, a kira sunan magani ka miƙa. Ɗan ƙanwata ma cewa ya yi wayarsa ta fi ni sanin magani. Na ce ƙwarai, ta fi ni. Sai dai wayar ba ta taɓa kusan halaka mutum da hannunta ba, ni kuwa na yi, a nan unguwar Shamaki, a kan kantar nan da kuke jingina. Sunan mutumin Buba. Ƙoda ɗaya gare shi, na kuma yi shekara uku ina sayar masa da abin da ke cin ƙoda ban sani ba.

Kada ku ce ba a koya mini ba. Shekara biyar na yi a hannun Baba Yila, wani dattijo ɗan Tangale da ya yi ritaya daga ɗakin ba da magani na asibiti ya buɗe ɗan shagonsa. Wata shida na farko ban taɓa ƙwaya ba. Shara, goge kwalabe, da karanta ranar lalacewar kowane kwali da ƙarfi, shi kuma yana gefe yana jin rediyo kamar hankalinsa ba ya wurina. In na tsallake kwali ɗaya sai ya rage muryar rediyon, ba ya cewa komai, har sai na koma baya. Kayan aikinsa ba su da yawa: almakashi, ƙaramin cokalin ƙirga ƙwaya, ambulan, jan biro, da abin awon jini mai famfo wanda robarsa ta sha ɗauri da filasta. Sai benci. Shi a wurinsa bencin ya fi sauran amfani, domin mutumin da ke tsaye sunan magani kawai yake faɗa, sai ya zauna yake faɗin abin da ke damunsa.

Ranar da ya fara barina a kanta, wani Bafulatani ya shigo ya ce a ba shi kafso ja da rawaya guda ashirin. Na ƙirga da cokali, na zuba a ambulan, har na ja layi uku da jan biro, safe da rana da dare. Baba Yila ya rage rediyo.

"Wa zai sha?"

Na juya na tambayi mutumin. Ya ce saniyarsa.

"To, madalla," in ji Baba Yila. "Gaya mata ta riƙa sha bayan ta ci abinci."

Daga ranar na haddace tambayoyinsa uku. Wa zai sha? Me kuma yake sha? An taɓa kwantar da shi, ko an taɓa yi masa aiki? Ya ƙara mini da doka guda: abin da aka faɗa a kanta, a kanta yake kwana. Mace za ta gaya maka abin da mijinta bai sani ba, dattijo zai nuna maka abin da ya ɓoye wa 'ya'yansa, kai kuma in ka tashi ka rufe shago da maganar a ciki. Ya koya mini kada in ce wa tsohuwa awa takwas-takwas, in ce mata asuba, azahar, lisha, ba za ta manta ba. Duk na riƙe. Tambaya ta uku ce ta zube mini a hanya, sannu a hankali, domin baƙo ake yi wa ita. Wanda kuke gaisawa kullum, ka san sunan ubansa, ka je sunan 'yarsa, kunya ma za ka ji ka ce masa an taɓa yanka ka.

Da na buɗe nawa shagon sai na fara abin da Baba Yila bai taɓa yi ba, wato haɗi. Ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle cikin 'yar takarda: maganin ciwon jiki iri biyu, wata 'yar rawaya, da ɗaya ta ƙarin jini don ƙullin ya yi kyan gani. Ban ƙirƙiro shi ba, kowane shago na yi, wanda ba ya yi kuma sai ya wuni yana korar ƙuda. Da safe nake zama in ƙulla su in cika gwangwanin madara babba. Daga la'asar sakaliya sai su fara zuwa: 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu lodin yashi, masu buga bulo. Kowa maganarsa ɗaya, "Dokta, jikina kamar an daka ni a turmi." Ni ba dokta ba ne, amma ban taɓa hana kowa kirana haka ba. Su haɗiye a nan bakin ƙofa, wani da ruwa, wani da yawu, gobe su koma aiki. Ina ganin taimako nake yi, kuma har yau ba zan ce duka ƙarya ba ne.

A shekarun nan akwai mutumin da nake ji da shi fiye da kowa, Alhaji Sale mai sayar da wake da masara a kasuwar hatsi. Ƙodarsa ta lalace, ya sha wankin ƙoda har ya zama kamar kara, daga baya aka fita da shi aka yi masa dashe, ya dawo ya murmure. Duk Asabar da safe yakan zo in auna masa jini, da gorar dafaffen ruwansa a hannu. Kafin ya iso na goge benci. In mai tari na zaune sai in ce ya ɗan koma waje ya sha iska. Ko maganin mura ya tambaya ba na ba shi sai na ga takardar likitansa, har yakan yi mini tsiya, wai na fi matansa sa ido. In aka tambaye shi wa ya ba shi ƙodar, sai ya ce, "Wani ɗan'uwa ne, Allah Ya saka masa da Aljanna." Mahaifinsu ya bar 'ya'ya sun fi ashirin, wasu a Kano, wasu a ƙauye. Ban taɓa cewa wane ne a ciki ba.

Buba ƙanensa ne, uba ɗaya. Dogo, marar magana, yana buga bulo a wani fili can wajen Gabukka, yakan biyo ta gabana in ya tashi daga aiki, ƙafafunsa fari fat da siminti. Bai taɓa zama a benci ba. Daga bakin ƙofa zai ɗaga yatsu biyu, ɗaya na yanzu, ɗaya na safe.

"Dokta, sannu da aiki."

"Yawwa Buba, ya rana?"

"Da godiya."

Hirarmu ke nan ta shekara uku. Da safiyar Asabar in lallaɓa wan kamar ƙwai, da yamma in miƙa wa ƙanen ƙulli biyu.

Wata rana a tsakiyar zafi, lokacin da mangwaro ya cika gari ruwa bai sauka ba, sai ga shi da azahar, lokacin da ba nasa ba. Bakin ƙarfen abin buga bulo ya yanke shi a haƙarƙari, riga ta jiƙe da jini. Ya ce in ba shi aidin da auduga ya je gida ya sa. Na ce ba a wanke ciwon da ido ba ya gani, ya shigo ciki ya ɗaga riga. Ya tsaya yana jan lokaci, sai da na ɗaga murya. Yankan ba wani abu ba ne, filasta ta isa. Amma a ƙasa da shi, a gefen hagu, akwai wani tsohon tabo dogo, miƙaƙƙe, da alamun ɗinki a jere. Ƙarfen bulo ba ya yanka a miƙe haka.

"Wannan fa?"

"Aiki aka yi mini. An daɗe."

"Aikin me?"

Ya kawar da kai yana kallon kwalaben da ke kan kanta. Ni kuma audugar tana hannuna ina lissafin shekarun da Alhaji Sale ya yi da dawowa.

"Buba, kai ne ɗan'uwan?"

"Don Allah, Dokta, kada ka faɗa."

"Me ya sa? Sata ka yi?"

"Inna ce ta ce abin da ka bayar don Allah, in ka riƙa faɗi ya zama gori. Hamma Sale kuma zai riƙa jin nauyina. Ba na so."

Na tambaye shi ko a asibitin ba su hana shi irin maganin da nake ba shi ba. Ya ce sun hana. Na ce to? Ya ce, "To ai bulo ba ya buga kansa." Na tambaye shi ko ba su ce ya riƙa komawa ana duba shi ba. Ya ce sun ce duk shekara.

"Ka koma?"

"Ai kullum ina can. Ni nake raka Hamma, ni nake riƙe masa fayil."

"An auna ka?"

"Layin marasa lafiya ne, Dokta. Ni lafiyata ƙalau, in shiga in tare wa wani wuri?"

Shekara shida yana zama a bakin ƙofar likitan ƙoda da fayil ɗin wani a cinyarsa. Gida kuwa duk hankali yana kan wanda aka yi wa dashe, shi ake dafa wa abinci daban, shi ake tambaya ya jiki. Wanda ya bayar ai ya tashi da ƙafarsa, an yi masa addu'a, an gama.

Na zaunar da shi a benci, karo na farko, na ɗaura masa abin awo. Na buga famfo na saki, na ga inda allurar ta tsaya, na ce abin nan ya lalace. Na cire na ɗaura a hannuna, ya nuna daidai. Na sake ɗaura masa, ya koma inda ya tsaya da farko. Na danna babban yatsa a ƙwaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na tambaye shi fitsari, ya ce yana kumfa kamar an zuba sabulu, ya ɗauka zafin rana ne. Kansa kuma yana sarawa da safe, shi ya sa ma yake sayen ƙulli na biyu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a shagon nan ba.

Na ce masa daga yau babu haɗi tsakanina da shi, gobe kuma ya tafi asibiti. Ya ce to. Irin "to" ɗin da na san babu inda za shi. Ya sauke riga, ya yi godiya, ya tafi.

A yammacin ranar na juye gwangwanin haɗi a bokiti na zuba masa ruwa. Da masu dako suka zo na ce babu, sai farasitamol, shi ma bayan na yi tambaya. Wani ya ce shi magani ya zo saye, ba hira ba. Cikin wata guda layin yamma ya watse, ya koma wasu shagunan, aka fara cewa Dokta ya yi girman kai. Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Wasu ranakun daga safe har la'asar ba na sayar da komai sai filasta da garin gishiri da sukari na masu gudawa. Maiɗakina ta tambaye ni ko hukuma ce ta hana, na ce a'a. Ta ce to wa ya hana? Ban iya gaya mata ba, magana ce ta kantar shago.

Buba kuwa ya daina biyowa ta gabana. Bayan kwana goma na hango shi kusa da tasha, a tsugune gaban mai tallan magani a faranti, irin waɗanda kayansu ke wuni a rana. Yatsu biyu ya ɗaga masa. A nan na gane cewa ƙin sayarwar da na yi bai warkar da kowa ba, hannuna kawai na wanke. Ƙodar tana nan tana shan abin da take sha, sai dai yanzu wanda rana ta dafa.

Asabar biyu Alhaji Sale ya zo ya tafi ban ce komai ba. Ina ɗaura masa abin awo ina jin muryar Baba Yila: a kanta yake kwana. Ga kuma roƙon da Buba ya yi mini da sunan Allah. Na auna, na sake aunawa. Abin da Buba ya ce kada in faɗa shi ne wanda ya bayar, wannan kuwa Alhaji ya fi ni sani. Na san dabara ce nake yi wa kaina, na kuma yarda in yi ta. A Asabar ta uku na saki iskar, na ce masa jini lafiya lau, kamar na saurayi. Ya ce alhamdu lillahi, ya fara sauke hannun riga.

"Alhaji, ƙodar nan da muke tattali tana da 'yar'uwa. Yaushe rabon da a duba ta?"

Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli. Ya dube ni.

"Shi ya gaya maka?"

"Tabo na gani. Jininsa ya hau, ƙafarsa ta kumbura. Shekara uku kuma ina ba shi maganin da kai ko ɗaya ban yarda ka haɗiya ba."

Bai zage ni ba. Ya tashi ya fita, ya bar gorar ruwansa a kan benci, abin da bai taɓa yi ba.

Ran Litinin da sassafe ina buɗe shago sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Alhaji Sale a ciki, Buba a gefensa da wankakkiyar riga, ya sunkuyar da kai. Ni na yi wa Buba magana ya ce to ya wuce, amma wansa ya ce tashi mu je, kuma a gidansu ba a yi wa Hamma, wato babban wa, musu. Alhaji ne riƙe da sabon fayil. Ya ce in shigo, in je in faɗa wa likita da bakina abin da nake ba Buba. Na koma ciki na ƙulla haɗi ɗaya kamar yadda na saba, na sa a aljihu, na rufe shago.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta kwance ƙullin a kan tebur, ta rarraba ƙwayoyin da bakin biro, ta ture biyu gefe guda.

"Baba, kai ne mai kemis ɗin?"

"Ni ne."

"Kullum?"

"Biyu kullum. Shekara uku."

Ta rubuta. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta ce yawancin masu ba da ƙoda suna tsufa da guda ɗayan lafiya lau, in dai ana duba jininsu da fitsarinsu, suna shan ruwa, suna kuma nesa da irin waɗannan biyun. Ta ce ba za ta rantse cewa maganin kaɗai ne ba: akwai aikin rana, akwai hawan jini da ba a kula ba, ciwon kuma ya riga ya nuna kansa a gidan. Na gode mata da wannan. Amma ni na san abin da cokalina ya ƙirga.

Bayan kwana uku muka koma karɓar sakamako. Da yake lokacin awon Alhaji ma ya yi, takardun biyu suka fito tare, ta jera su a kan tebur, ta wa a dama, ta ƙane a hagu. Ta ce ba a kai ga wankin ƙoda ba, kuma in aka kiyaye mai yiwuwa ba za a kai ba, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bulo ya ƙare, gishiri kaɗan, maganin hawan jini har iyakar rai, awo duk wata uku. Alhaji ya tambaye ta, tsakanin biyun wacce ta fi aiki. Ta ɗora biro a kan takardar Alhaji. Ƙodojin mutum ɗaya, wadda aka cire aka kai wani jiki ta fi wadda aka bar masa lafiya.

Alhaji ya rufe fuska da hularsa. Buba ya leƙa takardun, shi da ba ya karanta boko, ya gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe mai kyan na bayar."

Yau shekara huɗu ke nan. Masu saye sun dawo, ba duka ba, kuma ba su ne na da ba. Duk wanda ya ce mini maganin ciwon jiki, ko limamin unguwa ne, ko wanda muka yi wasan ƙasa tare, sai ya zauna a benci na tambaye shi ƙodarsa nawa. Suna dariya. Mutum biyu ba su yi dariya ba, ɗaya ma mace ce da ta ba ɗanta ƙodarta, maƙwabtanta ba su sani ba. Ku da kuke son in koya muku a wata uku, sunayen magani kam za ku haddace a sati biyu, wayarku ma ta isa. Tambayar wanda ka sani ita ce ke ɗaukar shekaru, ni sai da ta ci rabin ƙodar mutum kafin na iya.

Buba yana rumfar wansa yanzu, a inuwa, yana awon wake da mudu. Ya ce aikin mata ne, amma yana yi. Takardarsa ba ta gyaru ba, ba ta kuma ƙara lalacewa ba, duk wata uku muna jiran ta gaba. Bai taɓa yi mini maganar haɗin ba, bai kuma taɓa cewa na tona masa asiri ba, gaisuwarmu tana nan yadda take. Ran Asabar su biyu suke zuwa, da gorar ruwa biyu. Na saba in fara da babba, don haka ranar farko na nufi hannun Alhaji da abin awo. Ya janye hannunsa, ya nuna ƙanensa da haɓa.

"Fara da mai kayan."

Da shi nake farawa har yau.